Jarka Mai Alamar Kakanmu

Unguwar Zango, Agege,
Legas.

Zuwa ga Yayata Fiddausi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Alhaji Na'Allah da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara masa buɗi a kasuwar Kumasi, ya raya mana Rahila da ƙannenta bisa tafarkin addini. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Gwiwar Mama ta yi sauƙi har ta koma tuyar ƙosanta a bakin layi, duk da likita ya ce ta rage tsayuwa, to kin dai san Mama da maganar likita. Batulu matar Naziru ta yaye Halima Sa'adiya, yarinya ta yi mana kwana uku tana tsala ihu sannan ta haƙura ta kama koko. Ruwa kuma ya sauka sosai bana, kwatar layinmu ta cika ta kawo har bakin shagona, sai da na ɗora keken ɗinki a kan benci.

Yaya, na san hankalinki bai kwanta ba tun da labari ya iske ki cewa mun maƙale a hamada, kuma mun dawo Legas babu Baba. Ranar da kika kira, ke kina kuka, layi yana yankewa, Mama kuma tana gefe tana ƙwace wayar, babu maganar da ta fito daidai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki komai daga farko, in ba Hajiya Kyauta maƙwabciyarmu tunda jibi za ta taho wajenku saro kaya. Abu na farko dai, Baba lafiyarsa ƙalau, kuma da bakinsa ya ce mu taho. Maƙalewa kuwa gaskiya ne mun maƙale, kuma laifin namu ne mu 'yan Legas, ni da ƙanenki Naziru da Mama, kowa da kasonsa.

Kin san shekara arba'in da ɗaya ke nan rabon Baba da gida, tun da ya sauko cin rani yana saurayi. A duk 'yan ɗakinsu kuma babu wanda ya rage sai yayarsa, Goggo Kalsum, wadda mu ba mu taɓa gani ba, sai dai a baki. To ranar wata Asabar sai ga saƙon murya ya shigo wayata daga ɗanta Isma'ila, wanda sai ya hau tudu yake samun layi. Ya ce Goggo ce ta sa shi. Suna zaune a rijiyar da ake kira Farin Dutse, arewa da Tanut, amma da zarar gari ya waye ranar Juma'a za su naɗe bukkoki su bi ciyawa da dabbobinsu can ciki, inda mota ba ta shiga, sai kuma bayan damina. Ta ce ita ba ta da tabbacin ganin wata daminar, in Almu, wato Baba, yana son ya gan ta da rai, to ya zo kafin Juma'a. Sau shida Baba ya sa na maimaita masa saƙon. Da safe na tarar da jakarsa a bakin ƙofa, ya ɗora rawaninsa a kai.

Kawu Yusha'u, Allah ya saka masa da alheri, ya ba mu aron motarsa Siyena da takardunta. Naziru ya ajiye danfonsa, bas ɗin da yake haya da ita, ya ce shi zai ja, ni kuma na rufe shago na bi su saboda maganin hawan jinin Baba, don in aka bar su su biyu ba mai tunawa. Kawu ya taɓa zuwa Agadas, saboda haka ya haɗa mu da wata babbar jarka sabuwa, ya ja mana kunne cewa mu cika ta da fetur kafin mu wuce Damagaram. Ga inda laifina da na Mama ya shigo. Mama ta dubi jarkar nan, ta ce ita ba za a je wa yayar mijinta hannu rabbana ba bayan shekara arba'in. Ta aike ni kasuwar Oyingbo na sayo manja, muka ɗura shi a jarkar har wuya. Na ce mata Kawu fa ya ce ta fetur ce, ta ce fetur ai ko'ina akwai shi, amma manja mai kyau sai Legas. Wallahi a lokacin sai na ga maganarta ta yi ma'ana. Muka ƙara da garin kwaki rabin buhu, da goro, da burodin Agege kwali guda.

Litinin da asuba muka ɗaga. Muka kwana Kontagora, muka kwana Kano, Laraba muka tsallaka iyaka ta Kongolam muka kwana Damagaram, ba wata matsala sai ciwon baya. Yanzu kuma ga laifin ƙanenki. Kin san ɗabi'ar direban danfo, ba ya taɓa cika tanki. Da safe ya sha kaɗan a Agege, da rana ya ƙara kaɗan a Oshodi, tunda ba ya tafiyar minti biyar bai ga gidan mai ba. Shekara goma sha biyu yana haka, abin ya shiga jininsa. Alhamis da safe a Damagaram muka ga layi a gidan mai, motocin ba su fi goma ba. Mutumin da ya saba yini a layin mai a Legas, ranar sai ya ce ba zai ɓata wa Baba lokaci ba, akwai kusan rabin tanki, ma sha a Tanut. Muka isa Tanut, gidan man da muka tsaya suka ce tankarsu ba ta iso ba tun shekaranjiya. Amma a bakin titi ga masu sayarwa a kwalabe nan jere, kowa da ɗan teburinsa, mutane na tsayawa ana zuba musu suna wucewa. Naziru ya ce shi kam har abada, tun da man 'yan bumburutu ya ƙona masa inji a Mushin ya rantse ba shi ba man kwalba, balle a motar amana. Ya zaro waya ya nuna mana taswira, ga hoton famfon mai nan a gaba kaɗan. Ni ma na goya masa baya, har ina yi wa bayin Allah masu kwalaben kallon 'yan damfara, Allah ya yafe mini. Baba kuwa a bayan raƙumi ya bar ƙasar nan, rijiyoyi ya sani, bai san zancen fetur ba, ya ce mu dai yi sauri.

Daga Tanut zuwa gaba, Yaya, ba irin hanyar da kika sani ba ce. Ba gida, ba mai talla, ba ko ɗan sandan da zai tare ka ya ɓata maka rai. Sai fili shimfiɗe iya ganinka, da gajerun itatuwan ƙaya, da kwaltar da ta ɓare yashi ya cinye rabinta. Sai ka yi rabin awa ba ka gamu da mota ko ɗaya ba. Ni da nake ƙorafin gosulo, cunkoson motocin Legas, kullum, ranar na yi kewarsa. Da muka isa inda wayar ta ce akwai gidan mai, gaskiya ta faɗa, akwai shi, famfo biyu ne da suka yi tsatsa, an ɗaure akuya a jikin ɗaya. Tsohuwar da ke kiwon akuyar ta ce ta manta rabon da ta ga an zuba mai a wurin, amma mu ƙara gaba, akwai rumfar wani Ƙasimu inda manyan motoci ke yada zango. A lokacin fitilar mai ta daɗe da kamawa. Naziru ya kashe sanyin mota, ya kuma daina surutu, kin kuwa san in Naziru ya yi shiru to abin ya kai. Muna hango rumfar, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Ni da shi muka tura ta, Baba na riƙe da sitiyari karo na farko a rayuwarsa, ga rana tsaka, takalmina sai nutsewa yake cikin yashi.

Ƙasimu dattijo ne siriri, yana sayar da shayi yana kuma facin taya. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya ba mu ruwa mai sanyi daga salka, sai da muka huta sannan ya tambayi abin da ke tafe da mu. Ya ce nasa man na sayarwa ya ƙare tun Talata, mai kawo masa kuma sai Lahadi. Lahadi kuwa Goggo ta riga ta tashi. Amma idon Naziru ya riga ya kai bayan rumfa, inda aka yi wani rami mai faɗi aka rufa masa zana, ga jarkoki sun fi ashirin an binne su rabi cikin yashi don kada rana ta dake su. Ƙasimu ya ce e, fetur ne, amma ba nasa ba ne, ajiya ce. Ashe haka suke yi a can. Makiyayi mai babur ko direban da zai shiga daji, in ya samu mai sai ya bar jarkarsa wurin Ƙasimu, ya san ko bayan wata biyu ya fito zai same ta yadda ya bar ta.

Nan fa ƙanenki ya kwance jakar dabarun Legas. Ya kira shi oga, ya kira shi ciyaman, ya ce a faɗi ko nawa ne. Da ya ga ba ta ɓulle ba sai ya rage murya, ya ce to a tsiyayi kofi ɗai-ɗai daga kowace jarka, ba mai ganewa. Ƙasimu bai ɗaga murya ba, amma fara'arsa ta ɗauke. Ya ce mai jarka ya riga ya auna tafiyarsa a kan abin da ya bari, kuma a ƙasarsu wanda mai ya yanke wa nesa da ruwa ba kullum ake samunsa da rai ba. Ya ce in za mu zauna wurinsa har Lahadi ci da sha nasa ne, amma ajiyar mutane ba zai taɓa ba. Ban taɓa ganin Baba ya ji kunya irin ta ranar ba. Ya juya harshe zuwa Yarabanci don kada dattijon ya ji, ya ce wa Naziru ya tashi ya ba mutane wuri, ya je ya duba tayoyin mota.

Muka zauna jira. Motoci biyu ne suka wuce cikin awa biyu, duka manya masu shan dizal. Baba ya tambayi nisan Farin Dutse a ƙafa, Ƙasimu ya ce yini guda ne cur ga mai ƙarfi. Na ga Baba yana duban takalminsa, na gane abin da yake saƙawa, na ce masa wallahi in zai taka sai dai ya fara taka ni. Gaskiya, Yaya, na koma bayan mota na yi kuka, ina hararar jarkar manjan nan kamar in rufe ta da duka. Kwana huɗu muna hanya, ga Goggo nan tafiyar awa ɗaya da 'yan kai a mota, gobe da safe kuma shi ke nan.

Can Baba ya ɗauki buta ya zaga baya don ya yi alwalar azahar, don har ta fara wucewa ba mu lura ba. Na ji shiru ya daɗe, na bi shi don ina tsoron ko jiri ne, sai na same shi tsugune a bakin ramin jarkokin, butar na tsiyaya bai sani ba. Ashe tunda yawancin masu ajiyar ba rubutu suke yi ba, kowa alamar da gidansu ke yi wa raƙuma da ƙarfe mai zafi ita yake ɗora wa jarkarsa. Baba ya nuna mini wata shuɗiya a can gefe, mai zane kamar sawun kaza da ɗigo biyu a ƙarƙashi. Ya ce wannan alamar ubansa ce, yana yaro shi ke hura wutar da ake gasa ƙarfen.

Na ɗauka shi ke nan, amma Ƙasimu ba a yi masa gaggawa. Ya ce kowa na iya ganin zane ya ce nasa ne. Ya zaunar da Baba ya yi ta yi masa tambayoyi kamar alƙali, a ina ake buga alamar a jikin raƙumi, a ina a jikin jaki, wa ya haƙa rijiyar Farin Dutse, wace ce uwar mai jarkar. Baba ya ce raƙumi a wuya ta hagu, jaki a cinya, ya faɗi sunan kakansa da na wanda ya taya shi haƙa, ya ce in dai jinin gidan ne ke riƙe da alamar yanzu, to Isma'ila ne ɗan Kalsum. Ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba, wai da ɗigo ɗaya ne, shekarar da kakansu ya raba garke da ƙanensa aka ƙara na biyu. Rabin maganar ma da Buzanci suka yi ta, harshen da na ɗauka Baba ya manta, sai ga shi yana zuba kamar an kunna famfo. Sai Ƙasimu ya miƙe ya yi wa Baba sabuwar gaisuwa da hannu biyu. Ya ce a al'adarsu ba a hana kawu kayan ɗan 'yar'uwarsa, kuma da kansa ya tono jarkar. Sharaɗi ɗaya ya kafa, Baba ya zana alamar da gawayi a jikin ginshiƙin rumfa, don in Isma'ila ya riga mu zuwa ya san hannun gida ne ya ɗauka.

Ƙasimu ya tace man da gefen rawaninsa saboda yashi, Naziru na tsaye yana leƙe yana sunsune, har yanzu bai gama yarda ba. Mota kuwa ta tashi bugu ɗaya, ko tari ba ta yi ba. Naziru ya je ya durƙusa ya ba Ƙasimu haƙuri, ya ajiye masa burodi biyu da suka riga suka fara tauri, dattijon ya karɓa yana dariya. Muka sauka daga kwalta muka yi yamma, muna bin sawun babura. Daga nan wayar Naziru ta zama banza, Baba ne direba da baki. Ya ce a bar wancan tudun a dama, a bi ta bayan baƙin dutse, kada a shiga kwarin can don yashinsa na cin ƙafa. Ni duk fili ɗaya nake gani, shi kuwa kamar yana bin layukan Agege. Sau ɗaya muka kafe, muka yaga kwalin burodi muka cusa ƙarƙashin taya da rassan ƙaya muka fita.

Bayan la'asar muka hango rijiyar, amma babu bukka ko ɗaya. Sai tokar murhu, da kashin raƙuma, da ramukan da aka tumɓuke turaku. Baba ya ce wa Naziru ya tsaya. Can sai muka ga hayaƙi siriri ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya, da babur a jingine, da mutum biyu. Ashe ruwa ya sauka a arewa da wuri, jama'a suka tashi tun Laraba. Goggo ta ce ita Juma'a ta ce wa ƙanenta, ba ta motsawa sai Juma'a, ko da za a bar ta da diloli. Dole Isma'ila ya zauna da ita, da tabarma ɗaya da akuya mai nono.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙin mayafi, hancinta irin naki sak. Muna fitowa ta miƙe da sanda, ta wuce Baba ko kallonsa ba ta yi ba, ta je ta kama hannun Naziru tana kiran Almu, tana shafa fuskarsa. Naziru ya rasa yadda zai yi, ya juyo yana kallona. Baba na tsaye da farin gemunsa, jaka a hannu, hawaye na bin kumatunsa, kuma yana dariya. Sai ya kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba, na yarinta. Ta saki Naziru, ta juyo a hankali, ta daɗe tana dubansa tun daga rawani har takalmi. Isma'ila ne ya fassara mana abin da ta ce, wai ita saurayi ta sallama, ga shi an maido mata tsoho, amma ba komai, ta karɓa a haka. Daga nan ban ƙara ganin abin kirki ba, don ni ma idona ya cika.

Da Isma'ila ya ji da man wa muka iso, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce dama don ya kai uwarsa sabon mazauni ya ajiye shi, to ga shi man ya zo da kansa har da mota. Manjan Mama kuwa, Goggo ta lakata ta sunsuna, ta tambaya ko na shafa wa raƙumi ne in ya yi ƙurji. Wannan ban gaya wa Mama ba, ke ma kada ki gaya mata. Juma'a da safe muka sa Goggo a gidan gaba, akuya a baya kusa da ni, muka bi babur ɗin Isma'ila har inda mota ke iya kaiwa, aka zo da raƙuma aka tarbe su. A nan ne Baba ya ce mu mu koma, shi sai bayan damina. Na kawo zancen magani, ya ce in danƙa wa Isma'ila, ya yi boko zai riƙa ba shi a kan lokaci. Na bar duk wanda na taho da shi, na kuma rubuta masa sunan don ya ƙaro a Tanut. Duk ranar kasuwa in Isma'ila ya fito inda ake samun layi yana kira, ya zuwa yanzu sau biyu, ya ce Baba na shan nonon raƙumi yana barci kamar jariri. Mu kuma muka koma wurin Ƙasimu muka jira Lahadi, muka cika shuɗiyar jarka muka mayar da ita raminta, sannan Naziru ya cika tanki da man kwalba har yana malala.

Na san za ki ce don me ban matsa masa ba, Mama ma haka ta ce kafin ta huce. Abin da na gani ne da safiyar Juma'ar nan kafin mu tashi. Goggo na zaune za ta haɗa shayi, sai ta ɗaga kai ta ce Almu ya tashi ya samo mata itace, kuma kada ya tsaya wasa a hanya. Ni da Naziru muka yunƙura tare, ta ɗaga mana hannu ta ce ba mu ta aika ba. Yaya, kin san shekarun da Baba ya yi yana gadi a Ikeja, yana zabura duk lokacin da aka danna masa hon, yara sa'o'inmu suna ƙwala masa kira ba ko sannu. Sau dubu nawa muka ga ya tashi don an kira shi, amma ban taɓa ganin ya tashi irin na ranar ba. Ya ajiye carbi, ya tattare riga, mutum mai shekara sittin da biyar ya nufi itatuwan nan har yana haɗawa da ɗan gudu, yana waiwaye yana ce mata yanzun nan zai dawo. Ta bi shi da ido, ta ce wancan karon ma haka ya ce. Ni dai ban iya raba su ba.

Don haka ki kwantar da hankalinki, ki ci gaba da sa su a addu'a su biyun. Goggo ta ce a gaida 'yarta ta Kumasi, Baba kuma ya ce Allah ya yi miki albarka. Mama na gaishe ki, ta ce ki aiko mata da man kaɗanya ta hannun Hajiya Kyauta. Naziru da Batulu da Kawu Yusha'u duk suna gaisuwa. Ki gaida mini Alhaji da kyau, da surukarki, ki shafa mini kan Rahila da ƙannenta. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, amin.

Ni ce ƙanwarki mai kewarki,
Badiyya Almu